Likita, in yarda a yi min allurar Botox saboda ciwon ɓarin kai?

Assalamu alaikum Likita, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri kan wannan shiri. Ni malamar firamare ce a nan Kano, ina da aure da yara, kuma tun ina budurwa nake fama da ciwon ɓarin kai, amma yanzu abin ya kai intaha, a wata kwanakin ciwo sun fi na lafiya yawa. In ya taso idona na dama ya dinga zugi kenan, ga tashin zuciya, ko turaren wuta ba na iya shaƙa, sai dai in shige ɗaki in saki labule in ɗaure kai da ɗankwali tamau, yaran ma sun sani in Umma ta ɗaure kai ba a kunna talabijin.

An min ƙaho, an yi ruƙiyya, man habbatus sauda kam har na gaji da warinsa. A asibiti an ba ni amitriptyline ya dinga sa ni gyangyaɗi a gaban ɗalibai, aka koma propranolol sai jiri, shi ma bai tsinana komai ba.

To yanzu likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da nake gani ya ce tunda ciwon yana wuce kwana 15 a wata kuma magunguna sun gaza, in gwada allurar Botox. Wai wuri 31 ake tsirawa, goshi da gefen kai da ƙeya da wuya har kafaɗu, kuma duk sati 12 sai an maimaita. Ya ce tun 2010 aka amince da ita a Amurka, amma bai ɓoye min ba, ba ta raba mutum da ciwon, rage kwanakin take yi, kuma sai an yi zagaye biyu ko uku kafin a san ko ta karɓe ni. Kuɗin da ya faɗa kuwa wallahi albashina ba zai ɗauka ba. Maigida ya ce zai yi ƙoƙari, ita kuma Hajiyarsa da ta ji sunan cewa ta yi ai allurar gyaran fuska ce ta 'yan gayu, wai ƙuruciya nake nema, abin ya min ciwo amma na yi shiru.

Abin da ya fi tsaya min a rai, likitan ya ce ƙwayoyin ciwon kai da nake sha kusan kullum su ma suna ƙara hura ciwon, dole in rage su. To ta yaya zan shiga aji ba su?

Dan Allah Likita ka ba ni shawara, in fara barin ƙwayoyin in ga abin da hali zai yi, ko in haɗa da allurar? Da gaske tana iya sa fatar ido ta sauko, kuma tana komawa daidai? Sannan muna son ƙarin haihuwa, in ciki ya shiga ana tsakiyar yi ya ke nan?

Daga mai sauraronka a Kano.