Barka da Sallah, da Batun Kakanmu da Ya Tafi Burmi

Zuwa ga Baba da Inna da dukkan mutanen gida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina yi muku barka da Sallah daga nan Landan, da fatan Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana.

Baba, ina so in ba ka bayanin aikin da ka ɗora mini, wato binciken labarin kakanka, wanda muka taso muna jin ana cewa ya bi Sarkin Musulmi Attahiru gabas bai dawo ba. Na samu shiga gidan adana takardun gwamnatin Ingila da ke Kew, inda aka tara rahotannin da Gwamna Lugga da jami'ansa suka riƙa aikowa daga Arewa. Abin da ke ciki ya yi daidai da abin da dattawa suke faɗa. Kano ta faɗi a watan Fabrairun 1903, Sakkwato ta biyo baya ranar 15 ga Maris, sannan Attahiru ya ƙi zama ƙarƙashin Nasara, ya yi hijira, jama'a kuwa suka yi ta barin gidaje da gonaki suna mara masa baya har hankalin Turawa ya tashi. A Burmi, kusa da Ashaka cikin jihar Gombe ta yau, an kori sojojin Turawa a watan Mayu, amma suka sake shiri suka dawo ranar 27 ga Yuli, kuma a nan Attahiru ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutane. Su ma sun rasa kwamandansu, Manjo Marsh.

Sai dai sunan kakanka ba ya cikin waɗannan takardu, kuma ba na tsammanin za a same shi, domin marubutansu sarakuna da manyan fadawa kawai suka ambata, sauran waɗanda suka kwanta dama a filin kuwa jimillarsu aka ƙiyasta. Waɗanda aka jera sunayensu ɗaya bayan ɗaya su ne sojojin da suka yi wa Turawa yaƙi, saboda lambar yabo da aka ba su, kuma da yawansu Hausawa ne. Wannan ya sa nake ganin duk gidan da ya shiga irin wannan bincike ya kamata ya shirya wa abin da zai tarar, don ba kowane kaka ne ya tsaya a ɓangaren da jikokinsa suke zato ba.

Akwai kuma wata hanyar da ba mu taɓa bi ba. Waɗanda suka tsira daga Burmi, da yawansu sun ci gaba da tafiya ƙarƙashin ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, har suka zauna a Sudan, a garin da ake kira Mai Wurno kusa da Sinnar, inda zuriyarsu take har yau. Saboda haka rashin dawowar kakanka gida ba hujja ba ce ta cewa a Burmi ya rasu, ko da yake yaƙin da ake yi a Sudan tun 2023 zai wahalar da neman dangi a can.

Roƙona shi ne, tunda Sallah ta tara kowa, a zauna da Goggo a ɗauki muryarta a waya, domin ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ji labarin daga bakin matarsa. A tambaye ta cikakken sunansa da laƙabinsa, da sunan hakimin da ya fita ƙarƙashin tutarsa, da ko wani ya taɓa kawo saƙonsa daga hanyar Makka. Kawu kuma ya taimaka ya duba tsofaffin littattafan da ke cikin adakar marigayi Malam, musamman gefen shafuka da bayan bango, inda malamai kan rubuta haihuwa da rasuwa da larabci ko ajami. Idan an samu wani abu, a ɗauki hotonsa a turo mini, sai in roƙi Yaya ya kai shi Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi da ke Kaduna, a gwada shi da abin da suke da shi.

A gaishe mini da yara da maƙwabta baki ɗaya. Allah ya jiƙan magabata.

Wassalam,
Ɗanku.