Yoyon man dizal a murfin nozul na tsofaffin injuna

Malam Edita,

Ka ba ni fili in ja hankalin makanikai kan injunan dizal masu lita 6.9 da 7.3 na samfurin IDI (waɗanda ba sa fesa mai kai tsaye cikin silinda) da ke cikin motocin Ford na 1983 zuwa 1994. Kowane nozul, wato bakin da ke fesa mai cikin inji, takwas ne, yana da murfin roba mai mayar da rarar mai zuwa tanki, yana zaune kan zoben roba biyu. Zafin inji ke busar da zoben. Ba ɗigar man ce babbar matsalar ba; iska ce ke shiga da dare, mai ya koma baya, da safe mota ta tashi ta mutu.

A canza duka zobba 16 lokaci guda, da tiyo da maƙalansa, a nemi zoben Viton, wata roba mai jure zafi da mai. Kafin ɗorawa a shafa yatsa cikin sabon murfin, domin sau da yawa akwai ɗan kaifi da ke yanka zoben. A goge shi da sanfefa mai laushi. A shafa wa zobban basilin, a danna murfin a miƙe har ya zauna. Bayan nan kada a juya shi, ko kaɗan. Masu liƙa gam kuwa, ɓata lokaci suke yi.

Naka,
Wani makanike