Kwanon Sallah da ya rage zagaya gari

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ku da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ku ba ni ɗan fili in yi magana a kan abin da ba kasafai yake samun shiga shafukanku ba, wato abincin Sallah a karkara da yadda ake rabonsa. Duk shekara idan Sallah ta gabato, jaridu da gidajen rediyo sukan cika da labarin farashin raguna a kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis da ta Wudil ta ranar Juma'a, bayan Sallah kuma sai hotunan hawan sarakuna a Kano da Haɗeja da Dutse, amma aikin da ake yi a bakin murhu tun daga daren jajibere, wanda shi ne Sallar mafi yawan jama'a, ba mai waiwayarsa.

A ƙauyukanmu na ƙasar Haɗeja, kafin maza su sauko daga idi, uwargida ta riga ta jera kwanuka da akusa a tsakar gida, kowanne kuwa ta san gidan da za shi. Akwai na liman da na mai unguwa, akwai na surukai da gwaggwanni, akwai na malamin da yara suke karatun allo a wurinsa, da na unguwarzomar da ta yanke musu cibiya, da na tsohuwar da 'ya'yanta suka yi nisa, da na baƙon da aiki ya kawo shi garin, ko malamin makaranta ne ko na asibiti, ko da kuwa ba Musulmi ba ne. Yara ne 'yan aike, da sababbin kayansu da lallensu, kuma ba sa ƙyuya a ranar domin sun san akwai goron Sallah a kowace ƙofa. Ƙa'idar da kowa ya sani ita ce kwano ba ya komawa gida wayam. Wadda aka kai wa waina za ta juye ta zuba tuwo, wadda aka kai wa tuwo ta zuba dambu ko fura, Fulanin ruga kuma su maido da nono ko ɗan man shanu.

Hikimar wannan al'ada, a ganina, ita ce yadda take rufa asirin talaka. Gidan da bai iya dafa komai ba sai tuwon dawa da miyar kuka, shi ma yana aikawa, kuma kafin azahar yaransa sun ci waina da funkaso da nama daga gidaje daban-daban, ba tare da an ce wane ne ya ba da sadaka wane ne ya karɓa ba. Kowa ya bayar, kowa ya karɓa. Wannan ya sha bamban da rabon da ake tara mabuƙata a ƙofar gidan mai hali a jera su a layi ana ɗaukar hotonsu da waya. Kwanon yana kuma tona ɓarakar da ke tsakanin 'yan'uwa tun ba ta yi nisa ba, domin idan Sallah ta wuce kwanon wance bai shiga gidan wance ba, dattawan unguwa sun san akwai gaba, kuma za su tashi tsaye a kanta.

Ba al'ada ce kawai ba, tana da tushe a addini. Zakkar fidda kai, sa'i ɗaya na abincin da mutanen gari suka fi ci, wato mudun Annabi huɗu a kan kowane mutum, an wajabta ta ne domin kada wani ya wayi garin Ƙaramar Sallah da yunwa. Game da dabbobin hadaya da layya kuwa, Suratul Hajji ta umarce mu da mu ci kuma mu ciyar da mabuƙaci, wanda ya roƙa da wanda ya kame bakinsa, sannan ta faɗa mana cewa ba naman ne yake isa ga Allah ba, ba kuma jinin ba, taƙawa ce. Akwai hadisin da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hori Abu Zarri da cewa idan ya dafa romo ya yawaita ruwansa ya tuna da maƙwabtansa. Iyayenmu mata da yawansu ba su yi zurfi a karatu ba, amma sun riƙe wannan da hannuwansu, domin godiyar da suka sani ita ce a ɗebi abin da Allah ya hore a miƙa wa na kusa tun da zafinsa.

Su kansu abincin, akwai ilimi a cikinsu wanda ba a rubuce yake ba. Wainar Sallah tun jajibere ake soma ta. A jiƙa shinkafar tuwo, a kai niƙa, a haɗa da ɗan dafaffen tsaki ko dafaffiyar shinkafa domin ta yi laushi, a rufe ƙullin a wuri mai ɗumi ya kwana ya tashi. Da asuba mai suya za ta ɗanɗana, idan tsami ya yi yawa ta kashe shi da ruwan kanwa, kuma ba ta da ma'auni sai harshenta da launin ƙullin, domin kanwa kaɗan ta wuce sai wainar ta yi ja ta yi ɗaci. Tanda ta ƙasa ba a sa mata wuta mai ƙarfi, sai garwashi ko karan dawa kaɗan-kaɗan, kuma wainar farko ba ta cika kyau ba sai tanda ta ɗau zafi ta sha mai. A gidajen da shinkafa ta yi wuya, da gero ko masara ake yi, kuma wanda ya ci wainar gero da man shanu ba zai ce an rage shi da komai ba. Abokiyar tafiyarta miyar taushe ce: kabewa da ta nuna sosai a dafa ta da ƙashi har ta narke, a dama niƙaƙƙiyar gyaɗa, a sa daddawa da albasa da tattasai, alayyahu ya shiga daga ƙarshe tare da ɗan yakuwa domin tsami. Funkaso kuwa, mu da muke kusa da fadamar da ake noman alkama da rani, ba mu ɗauke shi abincin masu kuɗi ba.

A Babbar Sallah kuma ilimin adana nama ne yake fitowa, a garuruwan da har yau ba su dogara da wutar lantarki ba. Kayan ciki ake fara sarrafawa ranar yanka saboda ba sa jira, gangar jikin kuma a rataye ta ta sha iska ta tsane. Washegari a yi suya, a tace kitsen a ajiye shi domin miya. Dambun nama shi ne gwajin haƙurin mace. Za a dafa tsoka zalla da albasa da citta da kanumfari da masoro har ruwan ya ƙone a jikinta, a daka a turmi tun da ɗuminta har ta wargaje zare-zare, sannan a koma kasko da mai kaɗan da wuta ƙasa-ƙasa, ana juyawa ba ɗagawa. Wadda ta gaji ta sauke da sauran danshi, kafin mako ya zagayo dambunta ya yi fumfuna, wadda ta daure har ya bushe ya yi wara-wara kuwa, nata zai yi watanni, a aika wa ɗa da ke makarantar kwana ko almajirin da ke gabas. Sannan ga jelar rago da ake shafa wa gishiri a rataye a saman murhu hayaƙi ya busar da ita, a ajiye ta wata guda cur har daren cika-ciki a watan Muharram, a dafa kowa ya ci ya ƙoshi har da almajiran unguwa. Malamai sun bayyana mana cewa abin da Sunna ta zo da shi a wannan lokaci azumin Tasu'a da Ashura ne, cika-ciki al'ada ce, kuma na yarda da haka, sai dai ban ga aibin al'adar da ke sa a ajiye wa maƙwabci rabonsa tun wata guda kafin ranar ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wannan zagaye na kwano yana raguwa a idonmu. Ba na musun cewa rayuwa ta yi tsada. Ambaliyar 2022 ta cinye gonaki da gidaje masu yawa a Jigawa, cire tallafin man fetur a 2023 kuma ya ɗaga kuɗin mota da na niƙa da na ban ruwa, har magidanta da dama da suka saba yanka rago suka koma watanda, wasu ko ita ba su samu. Amma dattawanmu da suka ga farin 1973 da na 1984 suna ba mu labarin cewa ko a waɗannan shekaru ba a daina aikawa ba, sai dai kwanon ya ƙanƙance. Saboda haka ina ganin akwai abin da ya fi tsada yi mana illa, shi ne kunya marar dalili. An wayi gari abincin Sallah a idon matasa shi ne shinkafa da miyar tumatir da kaza, ko taliya, a cikin robar da ba a maidowa, irin wanda suke gani a hotunan Facebook da TikTok. Matar da ba ta da halin wannan sai ta ga tuwonta bai isa a fita da shi ba, ta rufe ƙofa ta ci da 'ya'yanta, wadda ke da halin kuma ta aika wa masu hali irinta kawai, waɗanda za su rama mata da kwatankwacinsa. Ta haka abinci ya koma yawo tsakanin ƙosassu.

Akwai kuma asarar kayan haɗin kansu. Daddawa daga kalwa ake yin ta, kalwa kuwa daga ɗorawa, kuma duk wanda ya san gonakinmu ya san ɗorawa nawa aka sare aka yi itace ko gawayi ba a dasa madadinsu ba. Yin daddawa aiki ne na kwanaki, a wuni ana dafa kalwa, a surfe a wanke, a sake dafawa, a rufe ta kwana biyu ko uku ta ruɓa, a daka a mulmula a shanya, kuma matan da suka iya shi tsufa suke yi. Dunƙulen ɗanɗano na kanti ya fi sauƙi, ni ma ina amfani da shi, amma ya sa miyar kowane gida ta zama iri ɗaya, alhali a da yaro yana buɗe kwano zai ce wannan miyar gidan Gwaggo ce. Wasu suna ɗora laifin a kan karatun 'ya'ya mata, ni kuwa ban yarda ba, domin makarantu suna hutu a lokacin Sallah. Mu iyaye ne muke korar yarinya daga bakin murhu muna cewa za ta ɓata mana ƙulli, ranar da muka kwanta dama kuma sai a rasa wanda ya san yadda ake nakiya ko alkaki a gidan.

Ina da magana kuma ga iyayenmu maza da mazajenmu, cikin girmamawa. Magidanci zai dawo daga idi ya zauna a zaure da baƙinsa, a ci a sha a yi hamdala, wannan daidai ne. Amma matar da ta kwana a tsaye tana tankaɗe da suya, wadda sau da yawa ko filin idi ba ta samu zuwa ba, kuma ita ce ta ƙarshen ci bayan an sallami kowane kwano, ba ta cika jin ko da sannu da aiki ba. Hadisi ya tabbata cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, Hausawa kuma suka ce yaba kyauta tukwici. Haka nan mahaucin da ya yi fiɗa, a biya shi ladansa da kuɗi kamar yadda shari'a ta ce, ba da naman layya ko fatarta ba, kada a bar shi yana zarya a ƙofar gida bayan Sallah.

Roƙona gare ku, Malam Edita, shi ne ku ware wani shafi a makonnin da ke gaban kowace Sallah, ku tura wakilanku, musamman mata domin su ne za su iya shiga cikin gida, zuwa ƙauyukan Auyo da Kafin Hausa da Ringim da Gumel da Kazaure, da na Ɗambatta da Rano a Jihar Kano, su zauna da tsofaffin mata su rubuta yadda ake waɗannan abinci daga bakinsu. A rubuta da ma'aunin da muka sani, mudu da gwangwani da ludayi, a kuma faɗi garin da aka samo kowane, domin dambun wani gari ba irin na wani ba ne, kuma tsohuwar da ta ji an karanta girkinta a jarida jikokinta za su dube shi da wani ido. Limamanmu kuma, da za su ƙara a huɗubar Juma'ar da ke gaban Sallah cewa tuwon dawa ba abin kunya ba ne a kai wa maƙwabci, da maganar ta fi shiga, domin daga bakinsu jama'a suka fi karɓa. Idan kun amince da wannan shawara, a shirye nake in raka wakiliyarku gidajen da na sani a yankinmu, kuma lokacin da ya fi dacewa ta zo shi ne ranar jajibere, sa'ad da ake jiƙa shinkafa da gyaran kabewa, ba ranar idi ba da kowa yake cikin hidima.

Allah ya maimaita mana, ya ƙara wa wannan jarida ɗaukaka. Wassalam.

Taku,
Wata mai karanta jaridarku,
daga karkarar Haɗeja, Jihar Jigawa.