Kalmar "Resilience" Ta Wuce Juriya Kawai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina so in ja hankalin masu fassara labarai na gidan rediyonku kan kalmar Turancin nan ta "resilience", wadda kusan kullum suke mayar da ita "juriya". Tun da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri, da wuya jami'in agaji ya yi jawabi bai ambace ta ba, mu kuma sai mu ji a labarai cewa an yaba wa mutanen Borno saboda juriyarsu.

A ganina wannan fassara ta ɗauki rabin ma'ana ta bar rabi. Asalin kalmar daga Latin ne, daga "resilire", wato a yi tsalle a dawo baya, shi ya sa masana kimiyya ke amfani da ita kan abin da ake ja ko a lanƙwasa, amma da an sake shi ya koma yadda yake, kamar danƙon da yara ke harbin tsuntsu da shi. Jaki ma yana da juriya, domin yana shan kaya da duka bai tanka ba, sai dai babu mai cewa ya farfaɗo.

Yayana yana sayar da atamfa a Kasuwar Monday da ke nan Maiduguri. Gobarar Fabrairun 2023 ta cinye shagonsa, bai gama biyan bashin sabon kaya ba ambaliya ta zo. Na same shi yana shanya turame a kan katanga, rini na zuba, yana cewa haka Allah Ya ƙaddara. Wannan juriya ce, kuma ba na raina ta. Amma abin da Bature ke nufi ya faru ne ranar da wani ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke Kano ya aiko masa da dila biyu bashi, ya sake buɗe shago.

Abin da ke damuna shi ne, idan aka ce juriya, mai sauraro yakan ji kamar ana ba shi haƙuri ne ya ci gaba da shanyewa, alhali kalmar "resilience" tana tambaya ne ko akwai jari, da gida, da madatsar da aka gyara. Ina roƙon ku gwada "ƙarfin farfaɗowa", ko ku ce "iya tashi bayan faɗuwa" a inda jimla ta ba da dama.

Mai sauraronku a kullum,
daga Maiduguri.