Wasiƙa zuwa ga aminina a kan cire-ciren banki

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Hajiya ta isar mini da gorinka, wai tun da na samu shago a Kantin Kwari na daina kula malaman makaranta. To, ba wadata ce ta ɓoye ni ba, bashi ne.

Ka tuna rancen da na karɓa a banki na sari shadda da atamfa kafin Sallah. Kasuwa ta tsaya, waɗanda na ba kaya ba su kawo kuɗi ba, na yi jinkirin biya, aka fara ɗora mini tara. Wannan ban musa ba. Abin da ya hana ni barci shi ne kullum ina zuba kuɗi, amma bashin yana nan inda yake. Ƙanin maiɗakina, wanda ya karanta akanta a Jami'ar Bayero, shi ya matsa na karɓo takardar bayanan asusuna, muka zauna a zaure bayan isha'i, yana bin ta layi-layi da jan biro, yana gwada ta da kundin ƙa'idojin caji na Babban Bankin Najeriya wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2020. A kundin, tarar jinkiri ba ta wuce kashi 1 cikin 100 a wata na abin da aka kasa biya ba, su kuwa a kan rancen gaba ɗaya suke lissafa ta. Kuɗin kula da rance, wanda sau ɗaya ake karɓa, sun maimaita shi. Har naira 50 ta kula da kati, wadda masu asusun ajiya ke biya duk wata uku, ana cire mini ita alhali nawa asusun na kasuwanci ne, kuma an soke ta a kansa. Kafin mu tashi takardar ta yi ja wur.

Zuwa bankin ne ya fi mini nauyi, domin mai bashi da kunya yake shiga ko'ina. Ina ajiye takardar koke, ma'aikacin ya duba kwamfuta ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, ai kai ake bi." Na ce haka ne, kuma zan biya in Allah ya yarda, amma abin da kuke bi na daban, abin da kuka cire mini ba bisa ƙa'ida ba daban. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, bai kuwa sa a yafe haƙƙi ba. Ban fita ba sai da ya buga hatimi a kwafina ya ba ni lambar bibiyar koke, domin ita Babban Banki ke tambaya. Ƙa'ida ita ce a fara da bankin mutum, a ba shi mako biyu, ko kwana 30 idan batun rance ne ko caji fiye da kima, sannan a kai ƙara sashen Babban Banki na kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna. Da wa'adin ya cika na rubuta wa sashen, sai ga manaja da kansa yana kira na a waya cikin ladabi.

Sun mayar da wani kaso, amma ko sisi bai shiga aljihuna ba, a cikin bashin suka rage. Sauran muna kan ja. Fargabata yanzu ita ce tsarin da aka fito da shi a 2020, wanda ya ba banki damar bin lambar BVN ya ɗebi kuɗin mai bashi a duk bankin da ya ajiye su, don haka kwasan adashina ma a hannu na karɓa. Malam kuwa da ya ji labari bai ce komai ba sai "Allah ya raba mu da kuɗin ruwa", kuma ka san da wa yake.

Kai ma, malam mai tsoron layin banki, tsohon asusunka na albashi da ka bari a nan, ka sa a ciro maka bayanansa, domin koken da ya wuce shekara shida ba a saurarensa. In ka turo, yaron zai duba maka, ladansa tsire ne kawai.

Ka gaishe da amarya da yara, kuma ka sa ni a addu'a kafin biyan ƙarshen wata.

Naka amini,
daga Kano