Amsa ga ƙanwata 'yar jarida: abin da ya sa na koma rubuta littafi

Assalamu alaikum, ƙanwata.

A taron marubutan da muka yi kwanan baya, kin tashi a gaban jama'a kin tambaye ni me ya sa na ajiye aikin jarida na koma rubuta littattafan tarihi, alhali, a cewarki, mutanenmu ba sa karatu. Lokaci ya ƙure ranar, ga amsarki yanzu.

Aikin jarida ya yi mini komai, har gobe ina alfahari da shi. Sai dai edita ba ya jira. Ka kawo wane ne, a ina, mutum nawa, ka wuce labari na gaba. Abin da ya haddasa lamarin kuwa ba kasafai ake samun lokacin tono shi ba.

Dubi rikicin Maitatsine na watan Disamba 1980. Fiye da mutum 4,000 suka mutu a garin nan namu na Kano. Jaridu sun ba da labari, gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Aniagolu. To, yaron da ya tashi yau a 'Yan Awaki, unguwar da Maitatsine ya zauna, ina zai karanta da Hausa yadda Muhammadu Marwa, wato shi Maitatsinen, ya tara mabiya, da abin da ya kwaso samari daga ƙauyuka zuwa wurinsa, da irin zaman ɗarɗar da maƙwabta suka yi tun kafin a kira soja? Yawancin abin da aka rubuta da Turanci ne, yana jibge a ɗakunan karatu na jami'a. Waɗanda suka gani da idonsu sun tsufa, kullum raka su muke yi makwanci. Wallahi wannan ne ya hana ni sukuni. Haka ma'aikatan masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa da aka rufe, ba wanda ya zauna ya ji ta bakinsu da kyau.

Batun rashin karatu kuwa, ban yarda ba. Garin da matan aure suka riƙa hayar littattafan soyayya tun shekarun 1990 suna karantawa har bango ya yage, ba za a ce babu masu karatu a cikinsa ba. Tsadar takarda da rashin masu rarrabawa su ne ciwonmu.

Littafi ba albashi, kuma ƙa'idar tana nan yadda kika san ta: abin da dattijo ya faɗa mini a zaure sai na gwada shi da takardun gidan adana tarihi na Kaduna ko na Gidan Ɗan Hausa, gidan tarihi na nan Kano, kafin na rubuta.

Ba na ce ki bar aikinki ba, muna buƙatarki a can. Roƙona ɗaya: kada ki goge hirarrakin da kike naɗa a waya. Ki rubuta rana da wuri da sunan mai magana a kan kowace, ki adana kwafi a wuri biyu.

Yayanki a aikin jarida,
daga birnin Kano.