Takardar koke zuwa ga Mai Martaba Sarkin Zamfaran Anka kan masu dawowa hakar ma'adinai

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya kara ma Sarki lafiya da nisan kwana.

Ranka ya dade, mu talakawanka ne na Bagega da kauyukan kewaye, manoma da malaman makaranta da iyaye mata, munka hadu munka ga ya dace mu kawo kukanmu gidan da ya kamata. Tun da gwamnatin tarayya ta dage haramcin hakar ma'adinai a Zamfara a Disambar 2024, wanda anka sa tun 2019, baki sun fara yawo suna neman fili, kowa da takardarshi kowa da alkawalinshi, amma har yau bamu ji wanda ya ce uffan kan wa zai kwashe dattin in an gama ba. Wannan shi ne damuwarmu.

Sarki ya fi mu sanin abin da ya faru a 2010. Gubar dalma ta kashe yara akalla 400 a Anka da Bukkuyum, su Dareta, Abare, Yargalma, Sunke da nan Bagega, saboda ana kawo dutsen zinari mai hade da dalma cikin gida ana daka ana nika, kura na sauka bisa tuwo da tabarma da hannun yaro mai rarrafe. Yaro lafiya lau sai jijjiga, kafin a kai asibiti rai yayi halinshi. Likitocin kungiyar agaji ta MSF sun yi iya kokarinsu Allah ya saka musu, amma Bagega sai 2013 anka samu kudin kankare kasa, shekara ukku yara na wasa cikin guba ana jiran sa hannu. Wadanda sunka rayu wasu har yanzu karatu baya zama kansu.

Kuma ranka ya dade ba mu kadai anka yi ma haka ba, har kasashe masu karfi haka sunka yi ma talakawansu lokacin da suke tseren kera bam din nukiliya. Yawancin yuraniyom din, wato ma'adinin da ake kera bam din nukiliya dashi, da Amurka tayi aikin bam din da ta jefa Hiroshima a 1945 dashi, daga ramin Shinkolobwe na kasar Kwango anka hako shi, 'yan Afirka ne sunka yi dakon shi babu wata kariya. Turawan Beljiyam sun toshe ramin a 1960 sun tafi, talauci ya sake maida mutane ciki suna tonon kobalt. A cikin Amurka kanta kabilar Nabaho sun yi hakar yuraniyom daga 1944 zuwa 1986, ba a gaya musu iskar ramin na kawo ciwon dajin huhu ba, maza sunka dinga mutuwa, mutane sunka yi gini da duwatsun ramin suna kwana ciki, dabbobi na shan ruwan wurin. Sai 1990 anka yi dokar biyansu diyya, da yawa lokacin suna kabari, kuma ramuka sama da 500 na nan an watsar. To in Amurka da kudinta ta kasa share nata, mu wa zai share muna?

Ga makwabtanmu nan Nijar ma. A garin Arlit tun 1971 anka fara kwasar yuraniyom, anka yi shekaru da dama ana kaiwa Faransa, da anka rufe mahakar Cominak a Akokan kusa da Arlit a 2021 sai anka bar tulin dattin da ya kai wajen tan miliyan 20 kusa da gari, iska na dauka. Masu bincike sun taba samun karafan mahakar masu guba a kasuwa ana saidawa. Hausawa ne 'yan uwanmu da yawa can, muna jin labari.

Mun san namu dalma ce ba yuraniyom ba, amma hali daya ne wallahi, guba ce da ido baya gani hanci baya ji, mai kudi ya kwashe ya tafi, ita ta zauna cikin kasa da rijiya, dalma kuwa bata rubewa ko shekara nawa tayi.

Don haka muna rokon Sarki, dan Allah kar hakimi ko mai gari ya ba kowa fili sai an rubuta a gaban jama'a wa zai gyara wurin, kuma a aje kudin gyaran tun farko ba sai an tashi tafiya ba. A hana nika dutse cikin gari kwata kwata, a fidda wuri nesa da gidaje da rijiyoyi, a rinka jika dutsen da ruwa don kura ta kwanta, masu aiki su yi wanka su sauya tufafi can kafin su shigo su dauki yara. Kananan yara kuma a raba su da wurin gaba daya.

Muna kuma rokon Sarki ya sa baki wurin karamar hukuma da gwamnatin jiha a rika auna jinin yara da ruwan rijiyoyi akai akai, a kuma fada ma iyaye sakamakon da Hausa. Limamai su fadakar a hudubar Juma'a, don maganarsu na shiga.

Bamu ce a hana hakar zinari ba, da yawanmu da ita muke ci da iyali musamman yanzu da rashin tsaro ya hana noma. Muna so Sarki ya ba mu rana mu zo fada da wakilanmu, har da iyayen yaran da sunka rasu, ayi maganar a gaban masu neman filin.

Allah ya taimaki Sarki, Allah ya zaunar da kasarmu lafiya.

Daga talakawanka na Bagega da kewaye.